Tsohon da Ke Kwance a Bakin Kogi

Ranar Lahadin da ta wuce muna zaune a taron zumuntar mata bayan an tashi sujada, sai wata tsohuwa kusa da ni ta buɗe ɗan gwangwanin man zafi tana shafa wa gwiwarta. Daidai lokacin kuma sakatariyarmu ta miƙe tana karanta wuraren da ake tunanin kai mata yawon buɗe ido kafin Kirsimeti, ta ambaci Tsohon Gari na bakin kogi, can gaba da Fadan Kaje. Ƙamshin man nan da sunan wurin nan suka shige ni tare. Sakatariya ta juyo ta ce, "Mama, an ce ke kin taɓa zuwa. Wai ya isa a kashe masa yini guda?" Na ce mata in da mota su je, in babu su zauna, ni dai kada a rubuta sunana. Na san na amsa mata da zafi, yarinyar kuwa ba ta yi mini komai ba. Amsar ce doguwa, ba ta cikin taro ba ce, ni kuma na gaji. Amma tunda ga takarda ga biro, bari in ba ku ita a nan.

Ina 'yar shekara tara mamata ta rasu wajen haihuwar ƙanena. A Kafanchan muke, a gidajen malamai bayan makarantar firamare, inda kukan jirgin ƙasa ne agogonmu. Kaka, wato mahaifiyar mamata, ta taho daga ƙauye da ƙullin kayanta a ka, wai za ta riƙe jinjirin har ya yi ƙwari sannan ta koma. Jinjiri ya yi ƙwari, ya yi rarrafe, ya fara tafiya, Kaka ba ta koma ba. Wa zai bar ta? Ita ce girki, ita ce wanki, ita ce goyo, da idanunta da suka fara hazo da ƙafarta mai ciwo.

Babana malamin makaranta ne, dattijo kuma a ikkilisiya. Mutumin wajen Nok ne, yarensa daban, na Kaka daban, ba mai jin na wani. Mamata ce gadar da ke tsakaninsu, da ta tafi kuwa sai Hausa ta rage. To amma Hausar ma iri biyu ce a gidanmu. Baba a Zariya ya yi karatun malanta, ya dawo da Hausa gogaggiya kamar rigarsa ta Lahadi. In ka ce "mace ne" a gabansa, sai ya ɗaga yatsa: "Ce! Mace ce!" In ka nuna yarinya ka ce "shi", rula ce a bayan hannu. Na sha ta har na daina ƙirgawa. Kaka kuwa, Allah Sarki, Hausarta ta kasuwa ce. A bakinta kowa "shi" ne: kaza shi, rana shi, matar fasto shi. Ni kaina "kai" take ce mini. Baba bai taɓa gyara mata ba, ina zai fara? Sai dai ya runtse ido kamar wanda ya tauna tsakuwa a cikin tuwo.

Sannan ga kunya. Kaka ba ta cin abinci a gaban Baba, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Shi ma haka. Ko da taku biyar ne tsakaninsu, ni ce 'yar aike. Tana zaune bakin murhu, yana zaune kan kujerarsa yana duba littattafan yara, za ta ce, "Kai, ka gaya ma Malam gishiri ya ƙare." In juya in ce, "Baba, Kaka ta ce gishiri ya ƙare." Ya ce, "Ki gaya wa Mama na ji." In sake juyawa. Yau in na ba jikokina labari sai su yi ta dariya, amma a lokacin aiki ne, kuma aikin ya ishe ni. Maganar Kaka ba ta da gajere. Sai ta fara daga jiya, ta bi ta gonar wani, ta tsallaka rafi, kafin ta iso kan gishiri, ga ƙawayena a waje suna jira na da duwatsun carafke. Sai na koyi gutsurewa. In ta yi magana mai tsawon zani, ni in kai wa Baba ƙyalle. Ba wanda ya koya mini, ba kuma wanda ya kama ni.

Akwai wata mata mai tukwane da takan zo kasuwar Kafanchan jefi-jefi daga can wajensu Kaka. In ta sayar ta gama, takan biyo ta gidanmu ta sha ruwa, su zauna bayan ɗaki su yi ta yarensu, Kaka har da dariya mai ƙarfi, wadda ba ma jin irinta sai ranar. Wata rana cikin damina, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, matar ta zo ta tafi, ban ji dariya ba. Kaka ta zauna ta zuba wa bango ido har wuta ta mutu a murhu. Da Baba ya dawo ya ci abinci, sai ta kira ni.

"Kai, ka gaya ma Malam, tsohona yana kwance a bakin kogi. Ina so in je in gan shi."

Wannan kam gajere ne, na kai shi yadda yake. Baba ya ajiye jan bironsa. Mun san Kakana namiji, mijin Kaka, ya rasu tun ba a haife ni ba, kuma a Tsohon Gari aka binne shi kafin mutane su tashi su koma bakin hanyar mota. Mace in ta ce tsohona, wa take nufi in ba mijinta ba? Wanda kuma ya shekara goma sha da mutuwa, ai a kwance yake. Baba ya ce in gaya wa Mama ya ji, magana ce mai kyau, amma yanzu rafuka sun cika, a bari ruwa ya janye. Da Kaka ta shiga ɗaki sai ya ce, ba da ni yake ba, da littafin gabansa yake: "Wanda ke kwance ai ba inda za shi." Wannan ban kai ba.

Ban da ruwa, akwai abin da ke cin Baba a rai, daga baya na gane. Kakana bai taɓa shiga coci ba har ya mutu. A lokacin kuwa in aka ce tsohuwa za ta ziyarci kabarin irin wannan mutum, abin da ke zuwa wa mutane shi ne ƙwaryar giya da farar kaza. A ce dattijon ikkilisiya ne ya yi rakiya? Bakin mutane ba ya da ƙofa. Baba ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Mutum ne mai tsoron a ce.

Hedimasta, maƙwabcinmu, shi kuwa Tsohon Gari ya shiga ransa. Ya taɓa kai 'yan aji bakwai can, bai kuma bar kowa ya huta da labarin ba. Da la'asar in sun zauna gindin mangwaro shi da Baba, ina kai musu kunu, sai ka ji ya ɗauko: can ne cocin farko na duk yankin, da hannu aka ɗora laka, can ne mashigin da fatake ke tsallakawa da jakuna tun ba a san jirgi ba, har yanzu ana ganin tushen barikin Bature da wurin da mutanen dā ke narka ƙarfe. "Malam, gani ya kori ji," haka yake rufewa kullum. Baba sai ya yi murmushi ya fara lissafa masa da yatsu. Mota sai ranar kasuwa. A fita da asuba, a sauka a bakin hanya, a taka doguwar tafiya cikin ciyawa, a tarar da rusasshen bango da ƙudaje masu cizo, a juyo da gudu kada motar komawa ta tafi. Yini guda cur, a kan kufai! Hedimasta ya ce yini nawa muke kashewa a banza ba mu sani ba? Baba ya ce sannu ba ta hana zuwa. Hedimasta ya ƙarasa masa, sai dai a daɗe ba a je ba. Suka yi dariya suka shanye kununsu.

Ruwa ya janye, sai jarrabawa ta zo. Jarrabawa ta wuce, sai hidimar Kirsimeti, Baba ne ke koya wa mawaƙa. Bayan sabuwar shekara ƙyanda ta kama ƙanena, muka yi wata guda ba mu san inda kanmu yake ba. Da ya warke aka tura Baba kwas. Kafin ya dawo hadari ya haɗu, aka koma gidan jiya: a bari ruwa ya janye. Ba ranar da Baba ya ce a'a. Kowane dalili nasa gaskiya ne, in ka ɗauke shi shi kaɗai. Kaka kuma ba mai naci ba ce. Sai mai tukwane ta zo ta tafi sannan za ta sake aiko ni, ni kuma in je in ce, "Baba, Kaka ta ce yaushe za a je?" Za ku ce me ya hana ta tafi ita kaɗai. Da wane ido za ta gane mota? Wa za ta bar wa yaron? Kuma a tarbiyyarsu, ba a fita daga gidan mutum zuwa wani gari sai mai gidan ya ce a je.

Na lura ta sayi bargo, ja mai baƙin layi, da ɗan abin da take samu na daddawa. Ba ta taɓa lulluɓa da shi ba, ta ninke ta sa ƙarƙashin tabarma. Ta sayi gwangwanin man zafi babba, shi ma ba ta buɗe ba, alhali kullum tana kukan gwiwa. Na ce a raina rowar tsofaffi ce, sai su sayi abu su yi ta ajiya har ya lalace.

Ranar da muka tafi ba Baba ne ya sa ta ba. Wata Asabar ce bayan ruwa ya ɗauke, an fara yankan acca. Na fito da sassafe zan share tsakar gida, na tarar da Kaka a bakin ƙofa, ta ɗaura zaninta na coci, tana zaune a kan ƙullinta, sandarta a gefe. Ba ta hura wuta ba. Ba ta kira ni ba, ba ta aike ni ba. Baba ya fito da buroshi a baki, ya dube ta, ya dube ni. Ya koma ciki. Can sai ga shi da farar riga da hula, da takalmin da ya sha baƙi, ga Littafi Mai Tsarki a hammata, don duk wanda ya gan mu a bakin kabari ya san addu'a muka zo yi. Aka miƙa ƙanena wa matar hedimasta, muka kama hanyar tasha.

Motar katako ce, irin mai ɗaukar mutum da akuya da buhu duk a farashi ɗaya na wahala. Aka sa Kaka a gaba saboda girman Baba, ni da shi muka hau baya kan buhunan citta, ƙamshinta yana sa ni atishawa. Mun tsaya a Madakiya an ƙara lodi, mun tsaya a wani hawa injin ya yi zafi, yaron mota ya tafi neman ruwa da galan kamar wanda aka aika Kano. Baba yana ta duban agogo yana tsaki. Rana ta ɗaga sosai kafin a sauke mu a sabon gari na bakin hanya, direba ya ce in rana ta karkata yana juyowa, wanda bai gani ba ya kwana.

Daga nan ƙafa ce. Siririyar hanya cikin ciyawa da ta fi ni tsawo, tana yankar hannu, ƙarangiya tana manne wa safar Baba. Nan da can sai fili ya buɗe, ka ga mata a kan fa suna tattake acca da ƙafa, suna ɗaga mana hannu. Abin da ya ba ni mamaki Kaka ce. Matar da a gida sai ta dafa bango take tashi, ga ta a gabanmu, ƙulli a ka, sandar ma ba ta taɓa ƙasa sosai. Ba ta tambayi kowa hanya ba. In an zo mararraba ƙafarta ce ke zaɓa. Baba yana haki a baya, yana cewa in gaya wa Mama ta yi a hankali. Na gaya mata, ba ta ko waiwaya ba.

Sai muka ji kogin kafin mu gan shi. Zan faɗi gaskiya, wurin yana da kyau, irin kyan tsohuwar da ta yi kyau a zamaninta. Shingen ƙerana ya zagaye unguwar, ya yi tsawo ya zama itatuwa. Manyan rimaye, inuwarsu da sanyi har cikin ƙashi. Bangon cocin da hedimasta ke faɗa yana nan, rabi a tsaye, ba jinka, wata bishiya ta fito daga inda mai wa'azi ke tsayawa. Gidaje sun narke sun zama tudun ja, kabewa tana yaɗo a kai. Ga kogin a ƙasa, faffaɗa, ruwansa kamar kunun kanwa, yana bugun duwatsu. A duk unguwar da aka ce dā sai ka ɓata a cikinta, gida biyar ko shida ne kaɗai ke fitar da hayaƙi. Ƙudajen kuwa Baba bai yi ƙarya ba, kafin in ankara sun huda mini ƙafafu.

Baba ya share gumi ya gyara hula, ya ce in tambayi Mama ta ina kabarin yake. Kafin in buɗe baki Kaka ta yi gaba. Ba wajen kaburbura ta nufa ba, gida ta nufa, na ƙarshe wajen gangare, tana kira da yarensu, da wata irin murya ta yarinya wadda ban taɓa jin ta da ita ba. Wata mata ta fito da ƙwarya a hannu. Da ta ga Kaka sai ta ajiye ƙwaryar, ta ɗora hannu biyu a ka. Suka yi magana, ba ta fi kalma goma ba. Kaka ta sauke ƙullinta a hankali, ta zauna a ƙasa daɓas, ta miƙe ƙafafu.

Matar ta durƙusa ta gaida Baba da irin Hausar Kaka. "Sannu Malam. Ashe saƙo ya kai."

"Wane saƙo?"

"Na mutuwa. Yau kwana shida da muka binne shi."

"Wa kuka binne?"

"Yayan Mama mana."

Baba ya dube ni, ya sake duban matar. "Mama tana da yaya namiji a nan?"

"A'a Malam, mace ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya goye Mama. Shekara biyu yana kwance a ɗakin nan, ba ya iya tashi. Kullum in ya ji motsi sai ya ce, ƙanena ne ya zo?"

Na ga Baba ya cire hularsa. Mutumin da ya shekara yana dukan yara a kan "shi" da "ita", yau ga shi tsaye, "shi" ɗaya ta kayar da shi. Tsohona. Tsohuwata take nufi. A kwance kuma, a kan gado, da rai, tana jira. Mun san sarai yadda Kaka ke magana, kullum muna ji, amma ba wanda ya tsaya ya tambaya, domin mun riga mun gama fahimta. Baba bai ma san da wannan yayar ba. Ta ƙi tashi lokacin da aka koma bakin hanya, ba ta zuwa coci, ba ta zo bikinsa ba. Mamata ce ta san ta, mamata kuma tana ƙasa.

Ni kuwa akwai abin da na sani wanda Baba bai sani ba. Karo na biyu da Kaka ta aike ni, doguwar magana ta yi. Ina tsaye da duwatsun carafke a hannu, ƙafa ɗaya a waje. A cikin maganar ta ce tari yana damun tsohonta, ba ya barci, sanyin kogi yana shigarsa, ba mai hura masa wuta. Na ji da kunnena. Na ce a raina, tabɗi, tsufa ya fara taɓa Kaka, matacce ne ke tari? Na je na ce wa Baba, "Kaka ta ce yaushe za a je?" Na fita. Har na ba ƙawayena labari, wai kakarmu ta ce mijinta yana tari a kabari, muka yi dariya har da riƙe ciki. Da na kai kalmar nan guda ɗaya, tari, Baba da ya tashi tsaye. Na san shi. Da ko a cikin ruwa ne mun je.

Kaka ba ta yi kururuwa ba. Da ta huta, matar ta kama ta suka zaga bayan ɗaki, muka bi su. Ƙasar kabarin ko bushewa ba ta gama yi ba. Kaka ta tsaya ta yi magana da yarensu, a hankali, kamar mai ba da uzuri, ban ji ko ɗaya ba, har yau kuma ban san me ta ce ba. Baba ya buɗe Littafi, ya yi ta juya shafi, ya rufe. Sannan Kaka ta kwance ƙullinta ta fito da jan bargon nan da gwangwanin man zafi, ta miƙa wa matar, wadda ashe maƙwabciya ce kawai, ita ta yi jinyar duk tsawon lokacin. Matar ta ƙi karɓa, Kaka ta tura mata a ƙirji. Ta shiga ɗakin da yayarta ta kwanta, ta ja asabari, ta daɗe. Ni da Baba muna waje a tsaye, ƙudaje suna cin mu, ba wanda ya kore su.

Da ta fito, Baba ya yi abin da ban taɓa gani ba. Ya je gabanta ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa, da farin wandonsa, ya yi mata magana baki da baki. "Mama, ki gafarta mini. Ni na hana ki." Kaka ta kawar da fuska, ta nemo ni da idanunta masu hazo.

"Kai, ka gaya ma Malam ya tashi, wandonsa zai yi datti. Shi bai sani ba." Ta juya wajen hanya. "Ka gaya masa mu tafi. Rana yana tafiya, yaro yana gida."

Wannan saƙon na kai shi duka, ban rage ko wasali ba, ko da yake Baba yana nan yana ji. Muka juyo. Matar ta bi mu da dafaffen rogo a ganye, ba wanda ya ci. Kabarin Kakana, wanda muka yi shekara da rabi muna zaton dominsa ake wannan magana, mun wuce ta gefensa. Kaka ta nuna shi da haɓa ba ta tsaya ba. Barikin Bature da wurin narka ƙarfe kuwa ban gan su ba, ba wanda ya tuna. Komawa ta fi zuwa nisa. Ƙafar da ta kawo Kaka da gudu ta ƙi mayar da ita, ta dafa kafaɗata, nauyinta duka a kaina, muna tafe muna tsayawa. Baba ya ɗauki sandarta da ƙullin da ba komai a ciki. Da ƙyar muka tarar da motar, direba yana ta zagi, da ya ga fuskokinmu ya daina.

Washegari hedimasta ya leƙo da fara'arsa yana tambayar yaya muka ga wurin. Baba ya ce masa, "Mun gani." Bai ƙara ba, hedimasta kuma bai sake ɗauko zancen a gindin mangwaro ba. Kaka ta koma bakin murhunta. Ta ƙara shekara huɗu tare da mu, ta ga ƙanena ya shiga makaranta, ba ta sake ambaton bakin kogi ba. Mai tukwane ta ci gaba da zuwa, amma dariyar bayan ɗaki ta ƙare. Baba ya ajiye rularsa. Ko a aji, an ce in yaro ya ce "mace ne" sai ya dube shi kawai ya wuce.

Yanzu an ce an yi hanya har kusa da kogin, ɗan acaɓa zai kai ka ya dawo da kai kafin tuwo ya nuna. Yara suna zuwa su jingina da bangon cocin su ɗauki hoto. Kowace tsohuwa a ƙauye tana da waya a ƙullin zani, in ta yi tari da safe, kafin azahar 'yarta a Kaduna ta ji. Surukai suna zama kujera ɗaya suna kallon talabijin, ba mai neman ɗan aike. Jikokina ba su jin yaren babana, ba su jin na Kaka, ni ma da zan koya musu ban iya ba. Hausarsu ma rabi Turanci ce, kowa kuma "shi" ne a bakinsu, ba na gyara musu. Ban ce dā ta fi yanzu ba. Wanda ya sha wahalar dā ba zai faɗi haka ba. Wanda ke son ganin bango da rimi da ruwa ya je, zai gani, ya dai tafi da dogon wando saboda ƙudaje. Ni sau ɗaya na je, ya ishe ni.

Baba ya yi tsawon rai, ya ga 'ya'yana. Bai taɓa daina ɗaukar abin nan a kansa ba. In ana hira aka zo kan surukai, sai ya girgiza kai ya ce shi ya hana tsohuwa ganin 'yar'uwarta saboda ƙyashin yini guda. Sau nawa na ji wannan magana, ina budurwa, ina matar aure, ina da furfura? Kowane karo sai in ce gobe zan gaya masa. A ciwonsa na ƙarshe ni na yi jinyarsa, a ɗakin da nake wannan rubutu. Wata safiya ina ba shi kunu ya riƙe hannuna, ya ce, "Da ma ta ce mini ba ta da lafiya. Ko kalma ɗaya." Na ce masa ya sha kunun kada ya huce. Ya sha.